Yadda Kaushin Ƙafata Ya Kusa Kashe Tumatirin Likoro

Tafiyar nan ta ba ni wahala, kuma duk wanda ya ce muku shan iska na je, ku gaya masa na ce ƙarya yake. Tun da na dawo ba ni da sakat. A bakin masallaci a tambaye ni, a teburin mai shayi a tambaye ni, ranar kasuwar Hunkuyi ma wani ya tsayar da ni da buhu a kaina wai yaya Gana take. Na gaji da maimaitawa. Ga shi nan na rubuta da ɗan bokon da na yi, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in huta.

Ni ne Isiya, mai gyaran rediyo da fanka da caja a Likoro. Noma na gada, gyaran da girmana na koya. Ƙungiyarmu ta manoman rani tana da famfon sola a fadama, shi ke shayar da tumatirin kowa. A cikin akwatinsa akwai wani koren allo mai faɗin tafin hannu biyu, da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe a manne a jikinsa. Mu masu gyara fanel muke ce masa, kuma shi ne ƙwaƙwalwar famfon. Fanel ya mutu, aka aiko da sabo na saka, ya yi 'yan makonni ya mutu. Aka aiko da wani, ya bi ɗan'uwansa. Sai kamfanin da ke ƙera su, can Tema a ƙasar Gana, ya ce ba zai ƙara ba mu ko guda ba sai mai sakawa ya je da ƙafarsa an koya masa yadda ake riƙe shi. Riƙewa fa, ba gyara ba. Ni da furfura a gemu za a koya wa riƙe abu.

Tumatir kuwa ya fara fure. Ana ta lallaɓa shi da bokiti da wani injin aro mai tari kamar tsohon ɗan sigari. In ban dawo da fanel ba, noman ranin bana ya tafi. A gari kuma an fara raɗa cewa hannun Isiya ne ke kashe su. Wata tsohuwa har ta zo ta karɓe rediyonta daga shagona tun ban kwance shi ba.

Aka haɗa ni da shugaban ƙungiya, Alhaji Barau. Alhaji ɗan kasuwar hatsi ne, bai san jar waya daga baƙa ba, amma ya ce ba a tura mutum kamata ƙasar waje shi kaɗai, zai zubar wa gari da mutunci. Ya iso tasha cikin babbar riga mai walƙiya, irin yadin nan mai roba da ke kuka in ana tafiya, da kwali cike da mazarƙwailar Maƙarfi, wai tsarabar manyan kamfani.

Daga Zariya zuwa Legas ba ni da labari sai na gwiwa. Wanda ya ƙera kujerun motar nan bai taɓa ganin dogon mutum ba. Alhaji ya zauna a taga, rigarsa ta cinye rabin kujerata, ya yi barcinsa. A gabanmu wani mai tallar magani ya miƙe tun daga Kaduna, kwalba ɗaya a hannunsa, ya ce tana maganin basir da ciwon haƙori da mantuwa. Da muka tsaya cin abinci ya manta jakarsa a mota.

Daga Legas aka zuba mu a ƙaramar mota, muka bi bakin teku, boda bayan boda. A ta farko wani jami'i mai Faransanci ya buɗe kwalin Alhaji, ya ɗago curin mazarƙwaila, ya juya shi, ya shinshina, ya dube mu kamar ya kama manyan 'yan fasa-ƙwauri. Ya yi tambaya, direba ya ce, "Wai mene ne wannan?"

Alhaji ya ce, "Gaya masa suga ne na asali, ba irin farin nan nasu marar albarka ba."

Direba ya faɗi abin da ya faɗa, ban san ko har da marar albarkar ba. Jami'i ya ɓantari kaɗan ya sa a baki. Sai ya kira abokinsa. Abokin ya ɗanɗana ya kira wata mata daga cikin ofis. Alhaji kuwa daɗi ya kama shi, ana yabon kayan garinsu, ya shiga rabawa da kansa. Haka aka yi a boda ta gaba, haka a ta gabanta. Ba wanda ya ƙwace mana komai, Alhaji ne dai ba ya iya ganin mutum ya lumshe ido a kan mazarƙwaila bai ƙara masa ba. Muka shiga Gana da curi ɗaya da rabi a gindin kwali.

Masaukinmu zango ne, unguwar Hausawa da ke kusa da Tema, a gidan wani ma'aikacin kamfanin mai suna Mumuni, wanda kuma shi aka sa ya yi mana tafinta. Mumuni sa'ana ne. Ya ce kakansa daga Zazzau ya zo fataucin goro ya manta hanyar gida. Hausarsa tana nan, sai dai kamar an wanke ta da ruwa da yawa. Mutumin kirki ne, ya bar mana ɗakinsa da fanka. Abin da ya kawo mana da yamma ne ban yafe ba: wani dunƙulen tuwon masara naɗe a ɓawo, kenke suke ce masa, da soyayyen kifi da jajjagen barkono ɗanye. Na kai loma ɗaya na ajiye. A Likoro in tuwo ya yi wannan tsamin, kaji ake zuba wa, a kuma yi wa mai girkin faɗa. Su da gangan suke barinsa ya yi haka, har suna zaɓen wanda ya fi tsami. Alhaji ya cinye nasa ya jawo nawa, yana cewa matafiyi ba ya raina abinci.

Garin kuma laima. Mutum na zaune bai yi aikin komai ba, gumi na bin bayansa. Wanki ba ya bushewa. Na shanya 'yar shara ta kwana ta wuni, na ɗauke ta kamar yadda na shanya ta.

Da safe Mumuni ya kai mu kamfani. Na zaci zan ga wuta da guduma da hayaƙi, sai na ga wuri kamar asibiti. Mai koyar da mu wata mata ce gajera, Madam Efuwa, ga wasu masu gyara da suka zo daga wasu ƙasashe. Ta tsayar da mu a wani ɗaki mai sanyi ta yi bayani, Mumuni na juya mana. Ta ce jikin ɗan Adam yana tara wuta. In ka tuɓe rigar roba ka ji tana tas-tas, ko ka taɓa ƙofar mota ta ɗan fizge ka, to ita ce. Ta ce wadda kake ji ma babba ce. Wadda ke kashe ƙwayoyin fanel ko jin ta ba za ka yi ba. Kuma ba lallai ya mutu nan take ba, rauni take yi masa a ciki, ya yi ta aiki yana ɗingishi, wata rana ya faɗi.

Alhaji ya ce, "Mumuni, tambaye ta, in akwai wuta a jikina me ya sa nake biyan mai caji?"

Mumuni ya juya wa Madam maganar. Ta ɗauko wata 'yar na'ura kamar waya, ta ce Alhaji ya goga hannun rigarsa da cinyarsa. Ya goga. Ta kusanto da ita, sai na'urar ta fasa ihu kamar an taka wutsiyar mage. Alhaji ya ja da baya yana salati. Nan take aka raba shi da babbar riga, aka ba shi wata shuɗiyar rigar aiki mai zaren ƙarfe siriri a saƙarta, wadda maɓallanta suka ƙi haɗuwa a kan tumbinsa. Aka karɓe carbinsa na roba, da ledar goro, da gorar ruwa. Duk abin roba ba ya shiga. Ya tsaya kamar ɗan firamare ranar farko.

Saura ƙofa. Kafin ka shiga ɗakin da ake haɗa fanel, sai ka sa takalminsu, wanda aka yi shi don ya riƙa zubar da wutar jikinka a ƙasa. Sannan ka hau wani farantin ƙarfe, ka danna babban yatsa a kan wani maɓalli. In wutar jikinka na samun hanya ta ƙafa, fitila ta yi kore, ƙofa ta buɗe. In ba ta samu, ta yi ja.

Kowa ya hau, kore. Alhaji ya hau, kore. Ya waiwayo ya dube ni kamar shi ya ƙera injin. Na hau na danna. Ja.

Mai gadin ƙofar, wani ƙato mai sarƙar giciye a wuya, ya ce in sake. Na sake, ja. Aka canza mini takalmi, ja. Aka kawo wani, ja. Madam ta ce wataƙila injin ne, mai gadi ya hau da kansa, kore. Ta duba agogo, mutane na jiranta a ciki, ta ce in zauna a benci za ta waiwaye ni. Doka kuma ɗaya ce: wanda bai shiga ya yi aiki da hannunsa a gabanta ba, ba a ba shi fanel.

Na wuni a benci. Ta gilashi ina hango Alhaji a zaune a tebur, an ɗaura masa wani warwaro a hannu mai waya da ke haɗe da ƙasa, yana riƙe da sukundireba ta wajen tsini. Mutumin da ko batirin tocila sai an sa masa.

Da muka koma masauki ya ce, "Isiya, ka faɗa mini tsakaninka da Allah, akwai wani abu a jikinka? Laya, guru, wani abin da aka ba ka tun kana yaro?"

Na ce, "Alhaji, ba ni da komai sai ciwon baya."

"To injin nan dai ba ya ƙarya. Ni ya gan ni ya san ni."

Mumuni ya ce in cire takalmi ya gani. Na miƙa masa ƙafa. Ya daɗe yana kallo, ya ƙwanƙwasa dundunniyata da farce, ta yi ƙara kamar ƙwarya. Ya kira matarsa ta zo ta gani. Ban ji daɗi ba. Ƙafa ce da ta yi shekaru tana bin kunyar gona ba takalmi, kaushi da faso duk sun samu wurin zama. A Likoro ba wanda zai kalle ta sau biyu, ta maƙwabcina Ɗanlami ma ƙaya karyewa take a jikinta. A can kuwa ƙafafunsu kamar burodi.

Alhaji ya ce shi ya san magani. Ya aika aka sayo man kaɗanya, ya tsaya a kaina na shafa har sai da ƙafar ta yi ƙyalli. Na tafi kamfani ina santsi a cikin takalmi kamar mai tafiya a kan kuɓewa. Na hau faranti, ja, har da wata ƙara da bai yi jiya ba. Ashe man ƙara toshe wa wutar hanya yake yi. Mai gadi ya ga yadda na ɓata takalmin kamfani da mai, ya yi wata magana da Mumuni ya ƙi fassarawa.

A ranar aka bugo mini waya daga gida. Injin aro ya tsaya, mai shi ya zo ya ɗauke abinsa. Furen tumatir ya fara zuba a gonakin da ke nesa da rafi. Mai maganar ya ce, "An ce Alhaji ne ke koyon, kai kana waje kana gadi. Gaskiya ne?" Ashe Alhaji ya riga ya buga wa gari ya ba da labari. Koyarwar kuma ta kusa ƙarewa, Madam ta ce ba za ta ba Alhaji fanel ba ko da zai kwana a tebur, don ya riga ya karya musu abu biyu.

Azahar ta yi ina bencin. Na tashi na zagaya bayan kamfani inda famfo yake, na wanke man kaɗanyar nan da sabulu don haushi, na yi alwala, na shimfiɗa kwali na yi salla. Na roƙi Allah abin da na roƙa. Garin ba ya barin abu ya bushe, don haka da jiƙaƙƙiyar ƙafa na zura safa na zura takalmi. Da na dawo mai gadi na cin gyaɗa. Na ce bari in ƙara gwadawa, ja ɗin ma na saba da shi. Na hau na danna.

Kore.

Kabbarar da na yi sai da gyaɗar mai gadi ta zube. Ƙofa ta buɗe na faɗa ciki kafin injin ya canza shawara. Na tarar da Alhaji na ce, "Alhaji, injin nan alwala yake dubawa!"

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Ai na gaya maka. Ni kullum da alwalata nake yawo."

Mumuni ya ce, "To mai gadi fa? Shi ma kore yake samu."

Alhaji ya ce wataƙila mutumin yana da wani alheri a ɓoye.

Da aka gaya wa Madam ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta sa na tuɓe safa ta duba, ta ce laifinta ne da ba ta duba tun farko ba, ita dai ba ta taɓa ganin fata ta bushe haka a garin nan ba. Busasshiyar fata ba ta barin wuta ta wuce, danshi ne ya buɗe hanya. Ta ba ni wani farin man shafawa na kamfani, mai ruwa-ruwa marar maiƙo, ta ce in riƙa shafawa a ƙafa da wuyan hannu kafin aiki. Na karɓa na gode. Bayaninta ya shiga kaina. Amma ni dai na san abin da na roƙa a kan kwalin nan.

Aikin kansa bai ba ni wuya ba. Ka ɗaura warwaro ya taɓa fata, ka maƙala wayarsa a ƙarfen da ya shiga ƙasa. Kada ka fitar da fanel daga jakarsa mai ruwan azurfa sai ka ɗaure. Ka riƙe shi ta gefe kamar hoton da bai bushe ba, kada yatsa ya hau ƙwayoyin. Na cire na mayar a gabanta har ta gyaɗa kai.

Sai ta tambaya yadda muke yi da fanel in ya iso garinmu. Kafin in buɗe baki Alhaji ya karɓe, yana alfahari. Ya ce mu ba ma wulaƙanta sabon abu. In ya iso, ƙofar gidan mai unguwa ake kai shi, a zare shi daga jaka, dattawa su karɓa hannu bi hannu a kan tabarmar roba, kowa ya juya ya sa albarka. Shi da kansa yake goge shi da hannun riga ya yi ƙyalli kafin a miƙa wa Isiya.

Mumuni ya fassara rabi ya tsaya. Madam ta ce ya ƙarasa. Ya ƙarasa. Ta zauna a kujera ta riƙe kai da hannu biyu, ta daɗe a haka. Alhaji ya zaci burge ta ya yi, ya fito da curi ɗaya da rabin nan ya ajiye mata a tebur.

Ta ba mu fanel a jakarsa a liƙe, da warwaro guda. Ta riƙe hannuna ta ce ta bakin Mumuni, "Baba, kowa na iya taɓa jakar. Abin da ke ciki, sai wanda ya ɗaure."

Dawowa kamar tafiya ce, sai dai ba mazarƙwaila, don haka ba wanda ya yi murnar ganinmu a boda. Jakar tana cikin 'yar sharata a ƙirji har Zariya.

Mun sauka Likoro bayan la'asar, gari ya taru a ƙofar mai unguwa. Mai unguwa abokin mahaifina ne, shi ya yanka ragon sunana. Aka gaisa, aka tambayi hanya da gajiya da mutanen can. Sannan ya miƙo hannu biyu ya ce, "To Isiya, kawo mu gani."

Na miƙa masa jakar a liƙe. Ya juya ta, ya ɗaga ta sama, ya fara neman bakinta da farce.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a buɗewa."

"Ba a buɗewa? To me zan sa wa albarka, leda?"

"Baba, sun ce wanda zai taɓa shi sai an ɗaure shi da waya a jikin ƙarfe."

Liman ya sunkuyar da kai. Wani daga baya ya ce Isiya ya je Gana ya dawo da rashin kunya. Na dubi Alhaji ya taimake ni, ya shiga gyaran hula.

Mai unguwa ya ce, "Barau, kai an ɗaure ka a can?"

Alhaji ya ce, "An ɗaure ni, ranka ya daɗe. Mace ce ma ta ɗaure ni."

Tsohon ya daɗe yana kallon jakar. Ya ce shi tun da aka naɗa shi ba a taɓa kafa sabon abu a garin nan bai sa hannu ba, kuma ba zai fara a kan tumatirin mutane ba. Ya miƙo mini ita ya ce, "In Barau ya ɗauru, ni ma zan ɗauru. A ina ake yi?"

Washegari da hantsi na kai su fadama. Na kashe wutar sola, na sa kowa ya tuɓe babbar riga ya rataye a bishiyar mangwaro. Na shafa wa mai unguwa farin man nan a wuyan hannu, na ɗaura masa warwaro, na maƙala wayar a bututun ƙarfen rijiya. Na dafa bututun da hannu ɗaya, na buɗe jakar, ya sa yatsa a gefen fanel ya yi addu'a. Na kwance shi na ɗaure liman. Na kwance liman na ɗaure na bayansa, babba kafin ƙarami, har aka zo kan Alhaji na ce shi ya riga ya yi nasa a Gana. Sannan na ɗaure kaina na saka fanel, na rufe akwati.

Kafin in kunna, mai unguwa ya ce a mayar masa da warwaron, ba a san abin da zai faru ba. Na mayar masa. Na kunna. Famfo ya yi gurnani, ya yi tari, ruwa ya ɓalle a kwata. Gaba ɗaya aka watse da gudu, kowa ya nufi gonarsa da fartanya yana buɗe hanyar ruwa, ni ma na bi tawa. Na yi nisa na ji ana ƙwala mini kira daga baya. Na waiwaya, ga tsoho shi kaɗai a gindin rijiya, ba riga, hannu a sama.

"Isiya! A kwance ni, ko sai an gama ban ruwan?"